Kogin Lantarki a Saman Ƙasar Hausa: Waiwaye Kan Tarihin Binciken Garkuwar Duniya

Gabatarwa

Kakana yana da wata tsohuwar rediyo mai gajeren zango wadda wani baduku ya ɗinka wa rigar fata a Kazaure. Kullum bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidanmu da ke Gwiwa, ya zare eriya har ƙarshe, ya shiga laluben Landan. Wani daren muryar mai karanta labarai takan fito rangadau kamar yana zaune tare da mu. Wani daren kuma sai ta riƙa rawa, ta nutse, ta taso, har ta ɓace cikin shuu. Idan hakan ta faru sai ya girgiza kai ya ce, "Iska ta ɗauke musu magana." Na taɓa ce masa, "Kaka, ai ko ganye ba ya motsi." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai ɗan boko, iskar da ke kaɗa ganye ita kaɗai ka sani?"

Ya rasu kafin in shiga jami'a. A shekarata ta ƙarshe a sashen fiziks aka ba ni aikin nazarin yadda ƙarfin maganaɗisun duniya ke sauyawa daga safiya zuwa dare. Da na buɗe taswirar tashoshin da ke auna wannan ƙarfi a duniya, sai na ga Turai cike da ɗige-ɗige kamar an watsa gero, Afirka ta Yamma kuwa fayau. Dole na koma ga bayanan Tamanrasset ta Aljeriya da Mbour ta Senegal. Ina cikin bin tsofaffin maƙaloli sai idona ya faɗa kan wani jerin tashoshi na shekarun 1960, na ga an rubuta Ibadan, Kontagora, Zariya da Sakkwato. Na karanta na sake karantawa. Ashe akwai lokacin da masana daga ko'ina suke dogaro da abin da aka auna a ƙasarmu don fahimtar sararin sama, alhali ni da na yi shekara huɗu ina karatun fannin ban taɓa jin labarin ba.

Wannan maƙala ƙoƙari ce ta bin sawun wannan tarihi: yadda ɗan'adam ya gane cewa duniya tana da garkuwa ta maganaɗisu, yadda abin da ke cikin garkuwar ke kai-komo, rawar da arewacin Najeriya ya taka wajen gano hakan, da kuma asarar da muke yi tun da muka saki aikin.

Masu duban sama na da

Duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki, kuma malaman zaure sun daɗe suna lissafin manzilolin wata guda 28 don gane shigar damina da fitarta. A ƙarni na 18 Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi kan lissafin hatimai a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a matsayin malamin da ake girmamawa. Sai dai duk wannan ilimi ya tsaya ne kan abin da ido ke gani. Tsakanin ƙasa da taurari, a ganin mutanen da, babu komai sai sarari. Kuma ba Hausawa kaɗai ke da wannan zato ba, haka malaman Turai suka ɗauka har zuwa ƙarni na 20. Abin da ya fara rusa zaton ƙaramin abu ne, wato allurar kamfas, irin wadda alhazai ke kawowa tsaraba don gane alƙibla.

Daga allurar kamfas zuwa Huancayo

A shekarar 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya bayyana cewa dalilin da ya sa allurar kamfas ke fuskantar arewa shi ne ita kanta duniyar ƙaton mayen ƙarfe ce. Masu lura da allurar daga baya suka ga ba ta zama wuri guda. Tana ɗan karkata da hantsi ta koma da yamma, wata rana kuma ta yi ta fizge-fizge ba gaira ba dalili. Ranar 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington yana duban rana a kusa da Landan ya ga wani farin haske ya ɓalle daga fuskarta. Ba a cika awa 18 ba allurai suka haukace a ko'ina, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, aka ga jan haske a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba. Daga nan aka fara zargin cewa rana tana aiko wa duniya da wani abu ban da haske da zafi.

Akwai layi biyu da ke raba duniya gida biyu. Na farko shi ne ikwaitar da ake koyarwa a darasin labarin ƙasa, wadda ta bi ta cikin teku a kudu da Legas. Na biyu ikwaitar maganaɗisu ce, wato wurin da allurar da aka rataye ta sake take kwanciya daidai, ba ta sunkuya ƙasa ba ta ɗaga sama. Wannan layi na biyu ba ya bin na farko sau da ƙafa. A Kudancin Amurka ya gangara kudu ya ratsa ƙasar Peru, a Afirka kuwa ya haura arewa da kusan digiri 10, ya ratsa arewacin Najeriya ba nisa da Kontagora da Zariya.

A 1922 Cibiyar Carnegie ta Amurka ta fara auna maganaɗisu a Huancayo, wani gari a kan tsaunukan Peru da ke kan wannan layi. Sakamakon ya ba kowa mamaki, domin hauhawar da ƙarfin ke yi da tsakar rana ta ninka ta sauran wurare fiye da sau biyu. An ɗauki shekaru ana tunanin wani abu ne da ya keɓanci wurin, har sai da aka ga irinsa a Afirka da Indiya. A 1951 Sydney Chapman, masanin lissafi ɗan Ingila, ya bayyana cewa wani siririn kogin lantarki ne ke gudana zuwa gabas a kowace rana, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai daga doron ƙasa, faɗinsa kimanin kilomita 600, yana bin ikwaitar maganaɗisu. Ya raɗa masa suna ilektirojet.

Dalilinsa shi ne wannan. Hasken rana mai ƙarfi yana fasa ƙwayoyin iskar da ke can sama, ya raba su zuwa masu caji, wato ilektiron da ayon. Iskar da ta koma haka ita ake kira filasma, kuma tana ɗaukar lantarki kamar waya. Zafin rana kuma yana tayar da iskoki a wannan tsayi, su tura filasmar ta ƙetare layukan maganaɗisu, lantarki ya samu kamar yadda yake samuwa a cikin janareta. A inda layukan suke kwance, hanyar takan buɗe sosai, lantarkin ya taru ya yi ƙarfi. Gwiwa tana ɗan arewa da tsakiyar wannan kogi, kusa da gaɓarsa. Wato duk ranar duniya, lokacin da manomi ke neman inuwa a gona, kogin yana tumbatsa a kudu da kansa kaɗan.

Ibadan da Zariya

An kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. A 1952 Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand, ya zama farfesan fiziks a can. Ya fahimci cewa sabuwar jami'a ba za ta iya gogayya da Turai wajen manyan injuna masu tsada ba, amma tana da abin da Turai ba ta da shi, wato sararin da ke samanta. Saboda haka sashen ya mai da hankali kan maganaɗisun ƙasa da kuma ayonosfiya, rufin filasmar nan da ke mayar da saƙon rediyo ƙasa. Matarsa, Elizabeth Alexander, ita ma masaniya ce. A 1945, tana aikin na'urar hangen jirage a New Zealand, ta gane cewa wata ƙara da na'urorin ke kamawa daga rana take fitowa, abin da ya sa ake lissafa ta cikin waɗanda suka fara nazarin sama ta hanyar rediyo. A Ibadan ta rasu a 1958.

Daga Yulin 1957 zuwa Disamban 1958 ƙasashe 67 suka haɗa kai a wani gagarumin shiri na auna duniya baki ɗaya a lokaci guda, wanda aka kira Shekarar Nazarin Duniya. Ibadan na cikin tashoshin da aka dogara da su a yankin ikwaita. A wannan yanayi ne wani matashi ɗan asalin Inyi ta ƙasar Enugu, Cyril Agodi Onwumechili, wanda aka haifa a 1932, ya ɗauki ilektirojet a matsayin aikin rayuwarsa. Shi da abokan aikinsa sun auna maganaɗisu a wurare daban-daban daga kudu zuwa arewacin Najeriya, domin wanda ke son sanin faɗin kogi sai ya ƙetare shi. Daga waɗannan awo suka lissafa inda tsakiyarsa take, da faɗinsa, da yadda ƙarfinsa ke sauyawa tsakanin damina da rani. Onwumechili ya zama farfesa a 1962 yana ɗan shekara 30, ya shugabanci Jami'ar Ife daga 1979 zuwa 1982, kuma a 1997 ya wallafa babban littafi kan ilektirojet wanda har yau masu bincike ke komawa gare shi. Ya rasu a 2023.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962, Norman Alexander ne ya zama shugabanta na farko. Ba abin mamaki ba ne da sashen fiziks na sabuwar jami'ar ya bi wannan hanya, tun da Zariya ta fi Ibadan kusa da tsakiyar kogin. A 1963 Rosemary Hutton, 'yar ƙasar Sukotland wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Gana, ta koma Zariya, inda ta zauna har 1968. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin shirin duniya na nazarin rana a shekarun lafawarta, an yi awo a Sakkwato, Zariya, Kontagora da Ibadan, jeri guda da ya ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. A 1967 masana biyu, Gouin da Mayaud, suka bayyana daga bayanan Adis Ababa cewa wasu ranaku kogin yakan juya ya koma yamma na 'yan sa'o'i. A 1970 Hutton da J. O. Oyinloye suka wallafa nazarin wannan juyi kamar yadda ya bayyana a Najeriya.

Yana da kyau mai karatu ya tuna irin wahalar aikin a wancan zamani. Babu kwamfuta a kan tebur. Ɗan ƙaramin madubi ne ke manne da mayen ƙarfe a ɗaki mai duhu, yana jefa haske kan takardar hoto da ke juyawa a hankali. Kullum sai an sauya takardar, an wanke ta, sannan a zauna da abin awo a karanta tsayin layin awa bayan awa, a rubuta da hannu. Yawancin masu wannan aiki ma'aikatan ɗakin gwaji ne 'yan ƙasa, waɗanda sunayensu ba su hau kan maƙaloli ba, amma ba don haƙurinsu ba da babu lissafin da zai tsaya.

Kano da zamanin kumbo

Ana cikin Shekarar Nazarin Duniya Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957. Amurka ta bi baya da Explorer 1 a ƙarshen Janairun 1958, ɗauke da na'urar James Van Allen, wadda ta kai ga gano ɗamarar ƙwayoyi masu tsananin kuzari da maganaɗisun duniya ya tsare a kewaye da ita. A shekarar ce Eugene Parker ya nuna ta hanyar lissafi cewa rana tana fesa filasma ba dare ba rana, abin da ya kira iskar rana. A 1959 Thomas Gold ya raɗa wa yankin da maganaɗisun duniya ke mulki suna magnetosfiya. Ni dai na fi son in kira shi garkuwar duniya, domin aikinsa ke nan.

Ƙasar Hausa ba ta kasance 'yar kallo ba a wannan zamani. Lokacin da hukumar NASA ke shirin aika mutum ya kewaya duniya, ta kafa jerin tashoshin bin sawu a sassan duniya, biyu daga cikinsu a Afirka, ɗaya a Zanzibar ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin waɗanda suka karɓi saƙon kumbonsa. Ranar 23 ga Agusta 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana ta tarho da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, wanda aka haɗa ta wani jirgin ruwa da ke tsaye a Legas. Muryar ɗan Bauci ta bi ta cikin garkuwar duniya ta dawo, shekara huɗu kacal bayan an sa wa garkuwar suna.

Yadda filasma ke kai-komo

Iskar rana tana tafiyar kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda. Idan ta iso sai ta ci karo da maganaɗisun duniya, ta matse shi ta ɓangaren da ke fuskantar rana zuwa nisan kilomita 60,000 da ɗoriya, ta kuma ja shi ta ɓangaren dare ya zama doguwar wutsiya da ta zarce nisan wata. Tambayar da ta dami masana ita ce, in dai garkuwa ce, ta ina abin waje ke shiga?

James Dungey ya ba da amsa a 1961. Iskar rana tana ɗauke da nata maganaɗisun. Idan ya fuskanci kudu, wato ya saba wa na duniya, sai layukan biyu su tsinke su ƙullu da juna a gaban garkuwar. Iskar ta ja waɗannan layuka ta saman ƙuryar arewa da ta kudu zuwa wutsiya, su taru a can, su sake tsinkewa su ƙullu, sannan su harbo filasma zuwa duniya ta ɓangaren dare, kamar yadda gwafa ke harba dutse. Wani kaso ya gangara ƙuryoyin duniya ya haifar da hasken nan mai launi da ake gani a ƙasashen sanyi. Wani kaso kuma ya matso ya fara kewaya duniya, ayon suna yin yamma, ilektiron suna yin gabas. Wannan kewayi shi ne zoben lantarki, kuma idan ya yi ƙarfi yakan rage maganaɗisun da ake aunawa a ƙasashe masu zafi irin tamu. Da wannan raguwa ake auna girman guguwar maganaɗisu. Ta watan Maris 1989 ta kai 589 a ma'aunin nanotesla, ta watan Mayu 2024 kuwa ta ɗan haura 400.

Ba duk filasmar da ke cikin garkuwar ce baƙuwa ba. Daga ayonosfiya wata filasma mai sanyi tana haurawa ta bi layukan maganaɗisu ta cika wani yanki da ke juyawa tare da duniya. Konstantin Gringauz ya hango iyakarsa daga kumbunan Sobiyet a 1959, Donald Carpenter kuma ya tabbatar da ita a 1963 ta hanyar sauraron wani fito da walƙiya ke haifarwa a rediyo. Idan guguwa ta taso takan zaftare gefen wannan yanki ta kwashe shi zuwa wajen rana, sai an yi kwanaki kafin ya sake cika.

A samanmu kuwa akwai wani motsi na daban. Ƙarfin lantarkin nan da ke tura ilektirojet gabas shi ne kuma ke ɗaga filasma sama da rana, ta hau ɗaruruwan kilomita, sannan ta zubo ta bin layukan maganaɗisu ta taru a kimanin digiri 15 arewa da kudu da ikwaitar maganaɗisu, tamkar ruwan da aka fesa sama ya zubo gefe biyu. Edward Appleton ya bayyana wannan taruwa a 1946. Da faɗuwar rana ɗagawar takan ƙaru na ɗan lokaci, ƙasan rufin ya zama wayam, sai manyan kumfa marasa filasma su ɓullo su keta sama. Saƙon rediyo da ya bi ta cikinsu yakan wargaje, ya yi ta rawa. Lokacin da hakan ya fi faruwa shi ne tsakanin magariba da tsakar dare, daidai lokacin da Kaka ke zare eriyarsa. Iska ce kuwa, kamar yadda ya faɗa.

Abin da ya ɗaure waɗannan labarai biyu, na nesa da na kusa, shi ne binciken Atsuhiro Nishida na ƙasar Japan a 1968. Ya nuna cewa wasu fizge-fizge da ake gani a tashoshin ƙuryar duniya suna bayyana a lokaci guda a tashoshin ikwaita, kuma suna bin sauyin maganaɗisun iskar rana. Ma'ana, abin da ya faru a bakin garkuwa, dubban kilomita daga nan, yana isowa kan ilektirojet nan take, ilektirojet kuma ya ƙara masa girma. Ma'aunin da aka ajiye a Zariya taga ce da ake leƙa garkuwar duniya ta cikinta.

Samfurin lissafi da giɓin Afirka

Garkuwar ta fi ƙarfin a auna ta ko'ina. Tauraron ɗan'adam wuri guda yake gani a lokaci guda, kamar mai son sanin halin kogin Kwara da guga ɗaya. Saboda haka masana suka koma ga samfurin lissafi, wato a rubuta dokokin da filasma ke bi, a raba sararin gida-gida, a bar kwamfuta ta lissafa yadda abin da ke kowane gida zai motsa. Tushen dokokin aikin Hannes Alfvén ne na ƙasar Suwidin, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970. A Jami'ar Rice da ke Amurka, Richard Wolf da abokansa sun gina samfurin da ke bin tafiyar filasma a cikin garkuwar tun shekarun 1970. Tun 2016 hukumar hasashen yanayin sararin sama ta Amurka take amfani da wani samfuri da aka gina a Jami'ar Michigan. Taurarin da ke tsaye a nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana suna auna iskar kafin ta iso, samfurin ya ba da gargaɗin abin da bai wuce awa guda ba.

Amma samfuri ba ya fin bayanan da aka gwada shi da su. Mafi yawan abin da aka sani game da ɗagawar filasma a ikwaita daga Jicamarca ta Peru ya fito, inda aka gina babbar na'urar rada a farkon shekarun 1960. Taurarin ɗan'adam kuwa sun nuna cewa sararin Afirka ba ya bin halin na Peru sau da ƙafa, kuma yankin Afirka da tekun Atlantika na cikin wuraren da kumfan filasma suka fi yawa a duniya. Ga shi kuma ikwaitar maganaɗisu ta fi doguwar tafiya a kan tudu a Afirka fiye da kowace nahiya, amma nan ne na'urori suka fi ƙaranci.

Yadda muka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa malaman jami'o'i. Baƙin malamai sun koma gida. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya sa sayen takardar hoto ma ya zama aiki. Awon maganaɗisu kuwa ba ya yafe tsaiko, domin ranar da ba a auna ba ta tafi ke nan har abada. Da aka shirya shekarar nazarin ilektirojet ta duniya a farkon shekarun 1990, jerin tashoshi goma na Afirka ta Yamma daga Lamto ta Kodebuwa ya tashi zuwa Tambutu ta Mali. An samu farfaɗowa daga baya. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, tana kuma da cibiyar nazarin sararin iska a Anyigba ta Jihar Kogi. Daga 2006 Jami'ar Kyushu ta Japan ta girka ma'aunai a Ilorin, sannan Legas da Abuja. Wannan abin yabo ne, sai dai duk waɗannan wurare suna kudu da tsakiyar kogin. Gaɓar arewa, daga Zariya zuwa Kano, Kazaure, Daura har Damagaram, ita ce ta fi bukatar mai tsaro.

Me ya shafi mutumin Gwiwa?

Na san akwai mai cewa, garin da ke fama da ruwan sha da takin zamani ina ruwansa da wutsiyar maganaɗisu? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan ce ma'auni ya fi rijiya ba. Sai dai rayuwarmu ta riga ta rataya a sama ko mun so ko mun ƙi. Tauraron sadarwa na Najeriya da aka harba a Disamban 2011 yana zaune a tsayin kusan kilomita 36,000, a gefen ɗamarar Van Allen ta waje. Taurarin GPS, waɗanda masu safiyo ke shata iyakar gonaki da su, jirage kuma ke bin hanya da su zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, suna tsayin kimanin kilomita 20,000, kuma saƙonsu sai ya keta filasmar samanmu kafin ya iso. Guguwar 13 ga Maris 1989 ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara. Bayan ta Oktoban 2003, masu bincike a Afirka ta Kudu sun danganta lalacewar wasu manyan taransifomomi da ita, abin da ya rusa zaton cewa ƙasashen sanyi kaɗai abin ke shafa. A Mayun 2024 manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rikice. Tun Nuwamban 2019 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya take raba wa matuƙa gargaɗin yanayin sararin sama. Duk ƙasar da ba ta auna samanta ba, da hasashen da aka ɗinka wa wasu za ta yi aiki.

Kammalawa

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da na gani da na waiwaya shi ne, shigarmu wannan fage ba ta bukaci kumbo ba. Ta bukaci wuri mai kyau, wanda Allah ya riga ya ba mu, da na'ura madaidaiciya, da mutanen da za su kula da ita kullum ba fashi. Ma'aunin maganaɗisu na yau ƙarami ne, faifan sola guda yana riƙe shi, yana kuma son wuri mai nisa da manyan wayoyin lantarki da cunkoson motoci, irin wuraren da ƙasar Gwiwa da Roni ke da su a yalwace. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kazaure, akwai jami'o'i a Dutse, Kano da Katsina, akwai kuma matasa masu digiri a fiziks da ke zaune ba aiki.

Abu biyu nake fata. Na farko, a nemo tsofaffin takardun awo na Zariya, Sakkwato da Kontagora duk inda suke, a ɗauki hotonsu a adana, domin awon shekara 60 da suka wuce dukiya ce da kuɗi ba sa sake samar da ita. Na biyu, a sake kafa jerin ma'aunai daga Kontagora zuwa iyakar Nijar, a kuma koya wa ɗaliban yankin karanta abin da suke rubutawa, cikin harshen da suke tunani da shi.

Rediyon Kaka tana nan a ɗakin mahaifiyata, rigar fatar ta bushe ta tsattsage. Ran nan na sa mata batir bayan isha'i, na zare eriya, na yi ta murɗawa har na kama wata tasha mai nisa. Muryar ta fito, ta yi rawa, ta nutse. Na duba agogo na rubuta lokacin a littafina, ƙarfe tara saura minti goma.